Ruwa 5%, 6% ko 6.5%: wanne ya fi sauƙi a bashin gida?

Baban_Khalil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman masu lissafi da waɗanda suka san harkar banki su warware mana wannan. A ce mutum zai karɓi bashin sayen gida na 100,000, ko da wane irin kuɗi ne, zai biya cikin shekara 20. Bankuna uku sun ba shi tayi. Na farko ruwa 6% amma sai ya biya 3,000 kuɗin shirya bashin. Na biyu 6.5%, ba za a karɓi ko sisi a farko ba. Na uku 5%, sun ce ruwan nasu fulat ne. A ido na ukun ne ya fi araha. Haka ne kuwa?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Malam, na ukun nan shi ne mafi tsada a cikinsu, kuma da tazara mai yawa. Kalmar fulat ɗin ce ta ɓoye komai.
Ruwa iri biyu ake lissafawa. Akwai wanda ake ɗorawa kan ragowar bashi, wato duk wata ana duba abin da ya rage a kanka sai a cire ruwan wannan kaɗai. Akwai kuma fulat, wanda ake ɗorawa kan uwar kuɗin farko tun daga ranar karɓa har ranar gamawa, kamar ba ka taɓa biyan komai ba.
5% na 100,000 shi ne 5,000 a shekara. Sau 20 ya zama 100,000. Ke nan za ka biya 200,000 gaba ɗaya, 833.33 duk wata.
6% kan ragowa: 716.43 duk wata, jimilla 171,943. Ka ƙara 3,000 ɗin nan, 174,943.
6.5% kan ragowa: 745.57 duk wata, jimilla kimanin 178,937.
In ka mayar da 5% fulat ɗin zuwa ma'aunin sauran biyun, ya kusa 8%.

Ummu_Safiya:
Ikon Allah. 5 ta koma 8. Malam ta yaya mutum zai gane irin wanda aka ba shi in ba su rubuta ba?

Malam_Lissafi:
Hajiya, ki nemi jadawalin biya kafin ki sa hannu. Takarda ce mai layi ɗaya ga kowane wata: abin da za a biya, nawa ya tafi ruwa, nawa ya tafi uwar kuɗi, nawa ya rage. In ruwan kan ragowa ne, za ki ga layin ruwa yana raguwa wata bayan wata. In ba a ba ki jadawalin ba, ɗauki biyan wata ki ninka da yawan watanni, ki cire uwar kuɗin. Abin da ya saura shi ne ainihin tsadar bashin, ko me suka kira shi.

Akanta_Nura:
Ga wanda yake da Excel ko makamancinsa a waya, ya rubuta =PMT(0.06/12,240,-100000) zai ba shi 716.43. Ruwan shekara a raba 12, yawan watanni, sai uwar kuɗi. In abin da banki ya faɗa maka ya haura abin da ya fito, to akwai wani abu da aka cusa a ciki, inshora ko wani caji, ko kuma ruwan fulat ne. Ka tambaya.

Baban_Khalil:
Na gode ƙwarai. To an cire na uku. Tsakanin na ɗaya da na biyu fa? Bisa lissafin Malam na ɗayan ya fi sauƙi da kusan 4,000.

Yaya_Habu:
Ya fi sauƙi in har za a zauna da bashin shekara 20 cif. Mutane da yawa ba sa kaiwa, wani ya sayar da gidan, wani ya samu kuɗi ya biya gaba ɗaya, wani ya koma wani bankin. Bambancin biyan wata tsakaninsu 29.14 ne. Ka raba 3,000 da 29.14, wata 103 ke nan, shekara takwas da rabi kafin ka fanshe kuɗin da ka bayar a farko. Wanda zai fita kafin nan, na biyun ya fi masa.

Akanta_Nura:
Yaya Habu, hanyar daidai ce amma akwai abu ɗaya da ya faɗi. Ba biyan wata kaɗai ya bambanta ba, ragowar bashin ma ta bambanta. Mai 6% yana cin uwar kuɗinsa da sauri fiye da mai 6.5%. Bayan shekara 6 mai 6% saura kimanin 81,300 a kansa, mai 6.5% kuwa kimanin 82,100. Wannan 800 ɗin riba ce gare shi ranar da zai rufe bashin. Ka haɗa da 29.14 sau 72, wato 2,098, ka ga an kai 2,900. Saboda haka shekara shida da 'yan watanni ne ake fanshewa, ba takwas da rabi ba.

Yaya_Habu:
Gaskiyarka, na karɓa. Sai dai ka tuna 3,000 ɗin yau ake fitar da shi, rangwamen kuwa a hankali yake zuwa. Kuɗin da ke hannu yau ya fi wanda zai zo bayan shekara shida daraja. Don haka ni zan sa shi wajen shekara bakwai in huta.

Hajiya_Bilki:
Wani abu kuma game da 3,000 ɗin: wasu bankunan za su ce ba sai ka kawo ba, za su ɗora a kan bashin. Ka sani in aka yi haka bashinka ya zama 103,000, kuma za ka biya ruwa a kan cajin har shekara 20. A 6% zai ƙara maka wajen 21.50 duk wata, ya koma sama da 5,000 a ƙarshe.

Tsohon_Maaikacin_Banki:
Duk kun yi magana mai kyau, amma har yanzu ba wanda ya tambayi abin da ya fi komai girma. 6% ɗin nan da 6.5% ɗin, tsayayyu ne ko masu hawa da sauka? In tsayayyu ne, na shekara nawa?
Wannan ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka an saba da ruwa tsayayye na shekara 30 ko 15, abin da ka sa hannu a kai shi za ka biya har ƙarshe. A Birtaniya galibi ana tsayar da shi ne na shekara 2 ko 5, daga nan sai a mayar da kai kan ruwan da bankin ya ga dama ya sa wa kowa, wanda yawanci ya fi tsada, sai dai in ka nemi sabuwar yarjejeniya. A ƙasashe da yawa kuma tun ranar farko ruwan a ɗaure yake da na babban banki.
Mai hawa da sauka kashi biyu ne a haɗe: ma'aunin da ake bi, kamar ruwan babban banki, ko SOFR na kasuwar dalar Amurka, ko Euribor na kasuwar Yuro, sai abin da bankinka ya ƙara a kai. Ma'aunin ba a hannun bankin yake ba. Ƙarin shi ne nasu, shi ake ciniki a kai, shi ya kamata a kwatanta. Banki biyu masu bin ma'auni ɗaya, wanda ƙarinsa ya fi ƙanƙanta shi ne mai araha, ko da ɗayan ya yi maka rangwamen shekarar farko.
Abin da za a nema a takarda: wane ma'auni ake bi, duk wata nawa ake sabunta ruwan, akwai iyakar da ba zai wuce ba a sabuntawa ɗaya, akwai iyakarsa ta gaba ɗaya, akwai kuma ƙasan da ba zai sauka ya wuce ba. Wannan na ƙarshen mutane ba sa lura da shi. In an sa shi, ruwa zai hau da kai amma in ya sauko ba zai sauko da kai duka ba.

Ummu_Safiya:
Ranka ya daɗe, hawan yana kai nawa ne haka? Ai na ɗauka rabin kashi ne ko kashi ɗaya.

Tsohon_Maaikacin_Banki:
Hajiya, an gani tsakanin 2021 da 2023. Ruwan babban bankin Ingila yana kan 0.1% a farkon Disambar 2021, zuwa Agustan 2023 ya kai 5.25%. A Amurka matsakaicin ruwan bashin gida na shekara 30 ya sauka har 2.65% a Janairun 2021, a Oktoban 2023 ya kai 7.79%. Wanda ya tsayar da nasa na shekara 30 bai ji komai ba. Wanda wa'adinsa na shekara 2 ya ƙare a tsakiyar hawan, shi ya ji a jikinsa.
Shi ya sa kafin ka karɓi mai hawa da sauka ka gwada kanka da ƙarin kashi 2 da kashi 3. A misalin Baban Khalil, 716 zai koma 836 a 8%, ya koma kusan 900 a 9%. In 900 zai hana ka sauran hidimar gida, bashin ya fi ƙarfinka ko da yau 716 ake nema.

Abu_Maryam:
'Yan'uwa a yi mini afuwa, amma duk wannan lissafin na ruwa ne, kuma mun san hukuncin riba. Bai kamata a wuce ba a faɗi cewa akwai wata hanya ba.

Malama_Zainab:
Ka kyauta Malam. Hanyoyi uku ne aka fi amfani da su a bankunan Musulunci wajen gida.
Murabaha: banki ya sayi gidan, ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kaɗan-kaɗan. Farashin a yanke yake tun ranar ƙulla ciniki.
Ijara: banki ya mallaki gidan, ya ba ka haya, a ƙarshen wa'adi mallakar ta dawo gare ka.
Musharaka mai raguwa: ku haɗa kuɗi ku saya, a ce kai 20% banki 80%. Duk wata kana biyan hayar kason bankin, kana kuma sayen wani yanki daga kason nasa. Yadda kasonsa ke raguwa haka hayar ke raguwa.
Amma ko a nan sai an kwatanta. Halaccin ciniki bai sa ya zama mai araha ba. A murabaha in aka ce riba 5% a shekara na shekara 20 kan farashin farko, to lissafin Malam_Lissafi na fulat ne ya dawo, 200,000. A ijara da musharaka kuma bankuna da yawa suna sabunta hayar duk wata shida ko duk shekara bisa ma'aunin kasuwa, ke nan gargaɗin da aka yi a sama game da hawa ya shafe su.

Abu_Maryam:
Jazakillahu khairan. To a murabaha in mutum ya samu kuɗi ya biya duka a shekara ta biyar, zai biya ribar shekara 20 ne?

Malama_Zainab:
Nan ne wurin da ya fi buƙatar kulawa. Tunda farashin a yanke yake, a asali bashin da ke kanka shi ne duka farashin. Rangwamen da ake yi wa mai biya da wuri ana kiransa ibra'i. A Malesiya babban bankinsu ya wajabta wa bankuna su yi wannan rangwamen su kuma rubuta yadda ake lissafa shi a yarjejeniya. A wasu wuraren kuwa ganin damar banki ne. Ka tambaya tun farko, kuma ka ga amsar a rubuce. Sannan ka tambayi wa ke ɗaukar nauyin manyan gyare-gyare da inshorar ginin a ijara, domin a ƙa'ida na mai gida ne, wato bankin, amma sau da yawa ana mayar da kuɗin cikin hayar.

Lauya_Mairo:
Biya da wuri ba a murabaha kaɗai yake da matsala ba. A bashi mai ruwa tsayayye ma akan samu tara. A Birtaniya takan kama daga 1% zuwa 5% na ragowar bashin in ka fita cikin wa'adin da aka tsayar, kodayake yawancinsu suna barin ka ƙara har 10% a shekara ba tara. Baban Khalil, wannan ya shafi tambayarka kai tsaye: in na ɗayan yana da tarar 3% na biyun kuma babu, lissafin shekara shida ko bakwai da aka yi ya canza ga duk wanda zai fita da wuri.
Sauran abin da zan ce a karanta da kyau: bayan kwana nawa ake ɗaukar mutum ya saɓa, wane ruwa ake ɗorawa kan biyan da ya makara, da kuma ko bankin zai bi ka ragowar kuɗi in ya sayar da gidan bai kai bashin ba. A ƙasashe da yawa zai bi ka. Miƙa makulli ba ya rufe bashi.

Injiniya_Sani:
Ni fa ina ganin an cika damuwa da rabin kashi an bar tsawon wa'adi, alhali shi ne ya fi cin kuɗi. 100,000 a 6%:
shekara 15, 843.86 a wata, ruwa 51,894
shekara 20, 716.43 a wata, ruwa 71,943
shekara 30, 599.55 a wata, ruwa 115,838
A na shekara 30, watan farko 500 ruwa ne, 99.55 kaɗai ya taɓa uwar kuɗi. Bayan shekara 10 cur kana biya, saura 83,686 a kanka. Ku ɗauki gajeren wa'adi kawai.

Hajiya_Bilki:
Injiniya, lissafinka ba kuskure, amma ban yarda da “kawai” ɗin ba. 844 wajibi ne duk wata, ko an yi rashin lafiya ko aiki ya tsaya. Wanda kuɗin shigarsa ba tsayayye ba ne gara ya ɗauki dogon wa'adi marar tarar ƙari, ya riƙa ɗorawa da kansa. A na shekara 30 ɗin, in ya ƙara 100 duk wata zai gama cikin shekara 21, ya tsira da kusan 40,000 na ruwa. Watan da abu ya matse ya koma 599.55 ɗinsa ba wanda zai ce ya saɓa. Sharaɗi ɗaya: ya tabbatar ana zuba ƙarin a kan uwar kuɗi nan take. Wasu bankunan sai su ajiye shi a matsayin biyan watan gaba, kuma haka ba ya rage ruwa.

Injiniya_Sani:
Wannan sai mai iya riƙe kansa. Mutum nawa ne za su yi shekara 21 suna ƙarawa ba wanda ya tilasta su? Kuma gajeren wa'adi yakan zo da ruwa mai sauƙi fiye da dogo.

Hajiya_Bilki:
A ba banki umarnin cirewa kai tsaye ranar albashi. Amma na yarda, ba kowa zai ɗore ba.

Dan_Almajiri77:
Tambaya daga ɗalibi. Mene ne APR da nake gani kusa da ruwan a tallace-tallace? Kullum ya ɗan fi ruwan yawa.

Akanta_Nura:
Shi ne ruwan haɗe da cajin dole, an mayar da su adadi ɗaya na shekara don a iya kwatantawa. A Amurka dokar 1968 ce ta wajabta bayyana shi. A Turai da Birtaniya APRC suke ce masa a bashin gida. A misalinmu, na ɗayan ruwansa 6% ne amma saboda 3,000 ɗin APR ɗinsa zai kai wajen 6.4%, na biyun yana nan 6.5%. Ka ga tazarar ta kusa rufewa.
Rauninsa biyu ne. Yana ɗauka za ka zauna har ƙarshen wa'adi, kuma a ruwa mai hawa da sauka yana ɗauka ma'aunin yau ba zai motsa ba. Ka yi amfani da shi wajen tace tayi masu wa'adi ɗaya da nau'i ɗaya, kada ka kwatanta na shekara 15 da na 30 da shi.

Tsohon_Maaikacin_Banki:
Bari in ƙara yadda ake samun ruwa mai sauƙi tun farko, tunda adadin da ke talla ba kowa ake ba ba.
Kafin alƙalami shi ne na ɗaya. Bankuna suna duba bashin kashi nawa ne na darajar gidan, kuma farashinsu hawa-hawa ne, misali a 90%, 80%, 75%, 60%. Wanda ke kan 81% in ya ƙoƙarta ya sauko 80% yakan faɗa wani rukunin. A Amurka wanda ya ba da ƙasa da 20% galibi ana ɗora masa inshorar da ke kare bankin, ba shi ba. Yana da damar neman a cire ta in bashin ya sauko 80% na darajar farko, a 78% kuma doka ta ce a cire da kanta. A lura, darajar da mai ƙiyasin banki ya sa ake bi in ta gaza farashin saye. In kun yi ciniki a 125,000 ya ƙiyasta 115,000, giɓin a kanka yake.
Na biyu tarihin biyan bashi. Ka nemi rahotonka wata uku zuwa shida kafin ka nema, ka gyara kuskure in akwai, ka rage ƙananan basuka, kada ka ci sabon bashin mota ana tsakiyar duba takardunka.
Na uku nauyin da ke kan albashi. Tsohuwar ƙa'idar da ake yawan ambata ita ce hidimar gida kada ta wuce 28% na kuɗin shiga kafin haraji, duk basuka a haɗe kada su wuce 36%. Hidimar gida kuma ba biyan banki kaɗai ba ce, har da inshora da harajin gida da gyara.
Na huɗu ka karɓi tayi aƙalla uku a rubuce, cikin mako ɗaya ko biyu, adadi ɗaya, wa'adi ɗaya. Tayin da aka karɓa wata biyu tsakani ba a kwatanta su, kasuwa ta motsa. Sannan ka kai wa kowane banki takardar ɗan'uwansa. Cajin shirya bashi ana rage shi fiye da yadda mutane suke zato.

Nana_Asmau:
Dillalan bashi fa, suna da amfani?

Lauya_Mairo:
Suna da shi, musamman ga mai sana'ar kansa da ba shi da takardar albashi. Tambaya biyu za ki yi masa: bankuna nawa yake dubawa, kuma wa ke biyan la'adarsa. In banki ne ke biya kuma la'adar ta bambanta daga banki zuwa banki, ki nemi ya nuna miki sauran tayin da bai zaɓa ba.

Yaya_Habu:
Gargaɗi ɗaya kafin a manta. In an nuna maka ruwa mai sauƙi sosai amma bashin da kuɗin wata ƙasa ne, ba wanda kake samun albashi da shi ba, ka yi nesa da shi. Dubban iyalai a Folan da Kuroshiya sun ci bashin gida da farank na Suwizalan saboda ruwansa kaɗan ne. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya daina riƙe farashin farank ɗin a kan Yuro, darajarsa ta yi tsalle a yini ɗaya, bashin da ke kansu ya kumbura da kuɗin ƙasarsu alhali gidan yana nan yadda yake.

Baban_Khalil:
Allah ya saka da alheri, an amfana. In na fahimta, na uku ya fita. Na ɗaya ga mai zama sama da shekara bakwai, na biyu ga wanda zai iya fita da wuri, muddin dukansu tsayayyu ne.

Malam_Lissafi:
Haka ne in tsayayyu ne duk shekara 20 ɗin. In na shekara 5 kaɗai aka tsayar, na biyun ya yi nasara, domin wa'adin zai ƙare ba a fanshe 3,000 ɗin ba. A shekara 5 abin da na ɗayan ya rage maka bai kai 2,500 ba.

Akanta_Nura:
Kuma amsar tana juyawa da girman bashi in cajin adadi ne tsayayye. 3,000 a kan 100,000 kashi 3 ne. A kan 300,000 kashi 1 ne kawai, rabin kashin ruwa kuma ya zama kusan 1,500 a shekara, cikin shekara biyu da ɗan abu an fanshe. Malam Baban Khalil, a duba takardar: 3,000 aka rubuta ko 3%?

Ummu_Safiya:
Ni kuma tambayata ga Malama Zainab. A musharaka mai raguwa, in aka tashi sayar da gidan a tsakiyar wa'adi kuma darajarsa ta faɗi, ana raba asarar gwargwadon kaso ne, ko bankin yana karɓar kuɗinsa cif?

Malama_Zainab:
A ƙa'idar tarayya asara tana bin kaso, mai 70% ya ɗauki 70%. Amma yarjejeniyoyi da yawa suna ɗauke da alkawarin cewa za ki sayi kason bankin a farashin da ya saya tun farko, kuma in haka ne faɗuwar a kanki take ke kaɗai. Malamai sun yi magana a kan wannan sharaɗin. Ki nemo sashen da ya yi bayanin farashin sayen kaso, ki kai wa malami da lauya su duba shi tare kafin ki sa hannu.